Gardamar Dillalai a Kan Rumbunan Bayanai, da Tambayoyin da Kuyello Ke Jira

A ranar 15 ga Disamba 2020 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba jama'a mako biyu kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ko a toshe layin. Babbar hujjar da aka kafa ita ce tsaro. Idan kowane layi yana da mai shi, kuma hoton mai shi da zanen yatsunsa suna ajiye a rumbun bayanan gwamnati, to mai garkuwa da mutane ba zai sake ɗaukar waya ya yi cinikin kuɗin fansa hankali kwance ba. Wannan magana tana da wata daraja da yawancin alkawuran gwamnati ba su da ita, domin ana iya gwada ta. Ko dai kiran fansa ya ragu ko bai ragu ba. Ko dai an bi sawun lamba an kai ga mutum, ko an bi an tarar da sunan wata tsohuwa da aka ƙwace wa waya a hanyar kasuwa.

Wurin gwajin ma ba a nesa yake ba. Kuyello gari ne, kuma mazaɓa, a gabashin ƙaramar hukumar Birnin Gwari, ƙasar manoman masara da dawa, wadda ta yi shekaru tana kwana tana tashi tsakanin 'yan bindiga da 'yan ƙungiyar Ansaru. A irin wannan wuri ne ake jin kiran fansa da kunne, a cikin wayar ɗan'uwa ko ta maƙwabci. Wata tara da 'yan kwanaki bayan waccan sanarwa, a ƙarshen Satumban 2021, gwamnatin Nasir El-Rufai ta sa aka katse sadarwar waya a sassan jihar Kaduna, Birnin Gwari na ciki, kamar yadda Zamfara ta yi a farkon watan. Sai ƙarshen Nuwamba aka mayar. Ga gwamnatin tarayya ta ce rumbun bayanai zai gano mai kira, ga gwamnatin jiha ta ce ba ta da dabarar da ta wuce hana kowa kira. Duk mai hankali ya san waɗannan biyun suna buƙatar a zauna a daidaita su. An wuce su kamar ba su da alaƙa.

A ranar 28 ga Maris 2022 aka kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka yi watanni ana ciniki ta waya. Mako guda bayan harin, ranar 4 ga Afrilu, aka hana layuka fiye da miliyan 72 yin kira saboda ba a haɗa su da NIN ba. A Janairun 2024 tsohon ministan sadarwa Isa Ali Pantami, wanda a hannunsa aka soma tsarin, ya fito ya ce tsarin yana aiki, laifin na hukumomin tsaron da ba sa amfani da shi ne. Wata biyu bayan haka aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a ƙaramar hukumar Chikun da ke maƙwabtaka da Birnin Gwari, aka kuma buga waya ana neman naira biliyan 1. Mai yiwuwa ne tsohon ministan yana da gaskiya. To amma da me za a auna? Sau nawa jami'an tsaro suka nemi a duba musu lamba, sau nawa aka ba su amsa a cikin awa guda, sau nawa amsar ta kai ga kama mutum, sau nawa ta kai ga ƙofar wanda bai ji ba bai gani ba? Alƙaluman da ake shelantawa su ne na yawan waɗanda aka yi wa rajista da yawan layukan da aka haɗa. Waɗannan alƙaluman wahalar da jama'a suka sha ne a layin jira. Ba sa cewa komai game da ko wahalar ta biya.

Cutar ba a Najeriya aka haife ta ba. Sana'ar ƙera rumbunan bayanai ita kanta ta daɗe da lalata al'adarta ta gardama, kuma lalatacciyar ce aka sayar wa ƙasashe irin Najeriya tare da manhajojin.

Da fari ba haka take ba. A 1970 wani masanin lissafi na kamfanin IBM, Edgar Codd, ya wallafa maƙalar da ta kawo tsarin ajiye bayanai cikin jadawali masu layuka da ginshiƙai, yadda mai tambaya zai faɗi abin da yake so, na'ura ta nemo hanyar samo shi. Wanda ke riƙe da fagen a lokacin shi ne Charles Bachman, wanda ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1973, kuma a nasa tsarin mai rubuta manhaja ne ke bin sawun bayani daga wannan zuwa wancan, tamkar mai bin igiya a cikin duhu. A 1974 aka haɗa ɓangarorin biyu a wani taro a Ann Arbor, jihar Mishigan ta Amurka, suka yi muƙabala a gaban takwarorinsu. Kowa ya zo da misali, aka ɗauki matsala guda aka nuna yadda kowane tsari zai warware ta. Muƙabalar ba ta raba gardamar a ranar ba. Abin da ya raba ta shi ne, masu bincike a IBM da jami'ar Kalifoniya a Bakili suka tafi suka gina tsarin Codd, System R da Ingres, aka ga yana tafiya. Mutanen nan ba waliyyai ba ne, suna da son kai da kishin kamfani kamar kowa. Bambancin shi ne sun yarda cewa akwai abin da idan aka nuna musu, dole su sauke kai.

Da kuɗi suka shigo, sai yardar ta fita. A farkon shekarun 1980 wani malamin jami'ar Wisconsin, David DeWitt, ya gwada saurin manhajoji daban-daban ya wallafa sakamakon da sunayensu. Na kamfanin Oracle bai yi kyau ba. Abin da ya biyo baya shi ne wani sharaɗi da aka saka cikin lasisin manhajar, wanda ya haramta wa mai amfani da ita wallafa sakamakon gwaji ba tare da izinin kamfanin ba. Wasu manyan kamfanoni suka kwaikwaya, kuma har yau a cikin sana'ar ana kiran wannan sharaɗi da sunan DeWitt. A yi tunanin dillalin shanu a kara da zai ce a sayi sansa, amma an haramta buɗe bakinsa a duba haƙora, in kuma an duba an haramta gaya wa kowa. Da ranar farko 'yan kasuwa za su kore shi. A kasuwar manhaja ya yi shekara arba'in yana cin karensa ba babbaka.

Daga nan gardama ta koma yayi. Wajajen 2009 aka taso da iƙirarin cewa zamanin jadawalin Codd ya wuce, sababbin rumbuna marasa ƙa'idojinsa ne za su ɗauki nauyin intanet. Duk wanda ya yi tambaya game da abin da zai faru idan na'ura ta mutu a tsakiyar rubuta bayani, sai a kira shi ɗan gargajiya. Shekaru kaɗan bayan haka yawancin waɗannan rumbuna suka dawo suna ɗora ƙa'idojin da suka yi wa ba'a. A ƙarshen 2021 manyan kamfanoni biyu, Databricks da Snowflake, suka yi makonni suna jifan juna da sakamakon gwaji, kowane ya shirya nasa gwajin kuma ya ci. Wanda ya ɗan dawo wa sana'ar da mutuncinta injiniya ne guda, Kyle Kingsbury, wanda tun 2013 yake ɗaukar rumbunan da ake yabo, ya tsinke sadarwar da ke tsakanin na'urorinsu da gangan, ya ƙirga bayanan da suka salwanta, ya wallafa. Aikin nasa, mai suna Jepsen, ya nuna cewa da dama daga cikinsu suna zubar da abin da suka rantse sun adana. Tambayarsa guda ce: idan layi ya yanke, me ke faruwa? Ita ce kuma tambayar da mutumin Kuyello zai yi da an ba shi dama.

Najeriya ta shiga wannan kasuwa a matsayin mai saye wanda ba ya duba haƙora. A 2001 aka ba kamfanin Sagem na Faransa kwangilar katin shaida ta dala miliyan 214, wadda ta ƙare da kama tsofaffin ministoci a 2003 bisa zargin cin hanci. A 2007 aka kafa hukumar NIMC. A 2011 NCC ta soma rajistar layukan waya da kasafin naira biliyan 6.1, aka ɗauki yatsu da hotuna. A 2014 Babban Banki ya kawo BVN, aka sake ɗaukar yatsun. Hukumar zaɓe na da nata rumbun, hukumar shige da fice na da nata, hukumar kiyaye haɗurra na da nata. Yatsu goma ne dai, amma an saye su sau biyar ko shida da kuɗin masu su. A kowane zagaye kalmar da ke yawo a bakin manya ita ce haɗewa: za a haɗe rumbunan wuri guda. An kafa kwamitoci a kan haka. Abin da ba a cika ji ba shi ne yadda za a haɗe su, alhali nan ne dukkan aikin yake.

Misali guda ya isa. Manomi a Kuyello ya je rajistar zaɓe, magatakarda ya rubuta Mamman Sani. A banki, garin da ya je karɓar kuɗin masararsa, aka rubuta Muhammad Sani Kuyello. Yaron da ya yi masa rajistar layi a bakin tasha ya rubuta Mohammed Sani. A NIMC aka ce dole sai da sunan dangi, abin da Bahaushe bai gada ba, sai ya ba da sunan mahaifinsa, aka rubuta Sani Muhammadu Abdullahi. Mutum ɗaya ne ko huɗu? A garin kuma akwai wasu Muhammadu Sani guda goma, kuma da yawansu an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, saboda ba wanda ya rubuta ranar da aka haife su. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kaɗai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a faɗin ƙasar, balle a ce iyayensu. Ga kuma haruffa masu ƙugiya da takardun ba su san da su ba, yadda Ɗanladi da Ƙasimu ke rasa harufansu tun a bakin ƙofa.

Wannan matsala tana da ilminta. Tun 1969 masana ƙididdiga biyu a Kanada, Ivan Fellegi da Alan Sunter, suka shimfiɗa lissafin daidaita bayanan mutum daga rumbuna daban-daban, kuma darasinsu na farko shi ne kuskure iri biyu ne, ba a kuma rage ɗaya sai ɗayan ya ƙaru. Idan aka sassauta ma'auni, za a haɗe mutum biyu a mayar da su ɗaya, bashin wannan ya hau kan wancan, ko laifin wannan ya kai soja ƙofar wancan. Idan aka tsaurara, za a raba mutum ɗaya gida biyu, banki ya ce sunansa bai dace da na NIN ba, a rufe asusun. Inda aka ajiye ma'aunin shawara ce ta siyasa da ke sanye da rigar lissafi, domin ita ke yanke wa zai wahala. Zanen yatsu yana taimakawa, amma yatsun da suka yi shekara arba'in suna riƙe da fartanya ba sa fitowa a na'ura kamar na akawu. Nawa ne yawan kuskuren a kan sunayen Hausa, nawa a kan na Yarbawa ko na Ibo, nawa a kan tsofaffi, nawa a kan mata? Injiniyan da ya san aikinsa zai iya auna wannan cikin 'yan makonni. A maimakon haka an ɗora wa wanda aka yi wa kuskuren nauyin gyara. An daɗe ana karɓar naira 15,000 don gyara ranar haihuwa, a 2025 aka kai kuɗin sama da 28,000. Hukumar da ke samun kuɗin shiga daga gyaran kuskure ba ta da dalilin gaggawar ƙirga kuskurenta.

Sai batun tsinkewar layi. A 2000 Eric Brewer na jami'ar Bakili ya gabatar da wata ƙa'ida da aka tabbatar da ita da lissafi a 2002. Ma'anarta a sauƙaƙe: ɗan kasuwa yana da shago a Kaduna da wani a Birnin Gwari, littafin bashinsu ɗaya ne, suna daidaita shi ta waya. Ranar da waya ta yanke, yaron shagon Birnin Gwari yana da zaɓi biyu kawai. Ko ya ƙi ba da kaya har sai layi ya dawo, don kada littattafan su saɓa, ko ya ci gaba da ciniki ya yarda cewa za a sami saɓanin da za a daidaita daga baya. Babu zaɓi na uku, komai tsadar na'urar. Kowane rumbun bayanai da aka warwatsa a wurare daban-daban ya yi wannan zaɓi, ko da maƙerinsa bai faɗa ba.

A Silikon Bali tsinkewar layi lamari ne na daƙiƙoƙi. A Birnin Gwari ya kai wata biyu da umarnin gwamnati, ban da watannin da turakun sadarwa suka yi shiru saboda ba mai iya kai musu man dizal ta hanyar daji. Duk tsarin da ke cewa sai an tambayi babbar na'ura a Abuja kafin a tabbatar da mutum, ya riga ya zaɓi ya rufe ƙofa a irin waɗannan ranaku. Ga shi kuwa ƙofofin sun yi yawa. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da NIN. A Disamban 2023 Babban Banki ya ce hatta ƙananan asusu sai an haɗa su da BVN ko NIN. Akwai wata hanyar. Na'urar BVAS ta hukumar zaɓe tana ɗauke da rajistar rumfarta a cikinta, tana tantance mai jefa ƙuri'a ko da babu sabis, sai wajen tura sakamako ne take buƙatarsa. Indiya ta saka wa katinta na Aadhaar wata alama mai sa hannun lantarki da ake iya tantancewa ba tare da intanet ba. Kowace hanya tana da haɗarinta, domin bayanin da ke cikin na'ura a ƙauye yana iya tsufa, na'urar kuma tana iya faɗawa hannun ɗan bindiga. Wannan ita ce gardamar da ta cancanci zauren taro a Abuja, da injiniyoyi a ɓangarorin biyu, kowa da lissafinsa.

Zauren ya cika da wata magana daban. A Oktoban 2021, daidai lokacin da Birnin Gwari ke cikin duhun sadarwa, aka ƙaddamar da kuɗin intanet na eNaira a kan fasahar bulokcen, aka ce zai kai banki ga marasa banki. A 2023 wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya gano cewa kashi 98.5 cikin 100 na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a kowane mako. A Mayun shekarar majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen. Bulokcen dai rumbun bayanai ne mai nawa, wanda aka ƙera don mutanen da ba su yarda da juna ba su riƙe littafi ɗaya ba tare da shugaba ba. Yana hana goge abin da aka rubuta. Ba ya hana rubuta ƙarya tun farko. Idan magatakarda ya rubuta wa tsoho ranar haihuwar da ba tasa ba, fasahar za ta tsare kuskuren da amana har abada. Yanzu kuma yayin ya koma ƙirƙirarriyar basira, kuma da yawa daga cikin masu jawabin su ne dai na jiya, rubutun allon bayansu kawai aka sake.

Abin takaici, sau ɗaya da wata hukuma ta ba da bayanin fasaha na gaske, sai ya faɗi a ƙasa ba wanda ya ɗauka. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa shafin IReV, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa har dare. Shekara guda bayan haka, a rahotonta na Fabrairun 2024, INEC ta ce an tsara rumbun ne yadda kowace mazaɓa ke rataye a ƙarƙashin jiharta, mazaɓun majalisar wakilai 360 da na dattawa 109. Mazaɓar shugaban ƙasa kuwa ƙasar ce baki ɗaya, ba ta ƙarƙashin kowace jiha, don haka manhajar ta rasa inda za ta ajiye hotunan takardun, ta riƙa mayar da saƙon kuskure. Wannan bayani ana iya auna shi. Ya dace da abin da jami'an rumfa suka gani. Yana kuma haifar da tambaya mai nauyi fiye da zargin maguɗi: ta yaya aka kai ranar zaɓe ba a taɓa gwada tura sakamakon shugaban ƙasa ko sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba? Kuskuren tsara jadawali irin wannan gwajin rabin yini zai tona shi. Kamata ya yi majalisa ta nemi kundin ayyukan na'urar na wannan rana, ta miƙa wa masana masu zaman kansu. Amma masu goyon bayan wanda ya ci suka ce ai tangarɗa ce kawai, waɗanda suka faɗi suka ce ƙarya ce kawai, aka rufe littafi. Ƙwararrun da ke iya karanta bayanin suka koma musu a kan wane kamfanin ajiya ne ya fi wani.

Haka aka yi da batun wa ke iya buɗe rumbun. An sa hannu kan dokar kare bayanai a Yunin 2023. A Maris 2024 'yan jaridar bincike na FIJ suka gano wani shafi da ke sayar da bayanan NIN na mutane, a Yuni kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani a kan naira 100. Martanin hukuma shi ne ba a fasa rumbunta ba. Mai yiwuwa gaskiya ne, kuma ya fi muni. Idan ɓarawo ya fasa katanga, ana gyara katanga. Idan kaya suna fita ta ƙofa a hannun wanda aka ba makulli, to tsarin rabon makullan ne ya lalace, kuma dole a san mutum nawa ke riƙe da su, da ko ana rubuta duk wanda ya buɗe, da ko mai bayanin zai iya ganin wa ya duba shi. Ga ɗan Abuja wannan batun damfara ne. Ga ɗan Kuyello da ke da ɗan'uwa mai albashi a birni, takarda mai ɗauke da suna da hoto da adireshi a kan naira 100 tana iya zama ma'aunin da za a yanka kuɗin fansa da shi. Rumbun da aka gina don gano mai garkuwa yana iya yi masa aikin ɗan leƙen asiri.

Akwai masu cewa wannan suka ta yi tsauri, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Mutum fiye da miliyan 100 sun sami NIN, daga kusan miliyan 7 a 2015. BVN ta tona ma'aikatan bogi a jerin albashin gwamnati. A 2022 tsarin tantance yatsu na INEC ya soke rajista fiye da miliyan 2.7 cikin sababbi miliyan 12 da ɗoriya. Duk wannan aiki ne, kuma injiniyoyin Najeriya ne suka yi mafi yawansa cikin ƙarancin wuta da kuɗi. Sai dai waɗannan nasarori su ma suna buƙatar tambayar Fellegi da Sunter: cikin miliyan 2.7 ɗin nan, nawa ne mutanen gaske da na'ura ta rikita da wasu? Akwai kuma masu cewa bayyana irin waɗannan alƙaluma zai taimaki abokan gaba. Faɗin yawan kuskuren na'ura ba ya gaya wa ɗan bindiga komai da bai sani ba. Shi ya daɗe da gano cewa wayar wanda ya kama ta ishe shi kira. Ingila ta nuna inda rufa-rufa ke kaiwa: manhajar Horizon ta hukumar wasiƙu ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi, aka gurfanar da masu riƙe da ƙananan ofisoshi fiye da 900 tsakanin 1999 da 2015, saboda an ɗauka na'ura ba ta kuskure, har sai da kotu ta tilasta buɗe kundin kurakuranta a 2019.

Laifin bai tsaya kan gwamnati ba. Arewa tana da ƙwararru a wannan fanni, a sashen kwamfuta na ABU Zariya da BUK da bankuna da kamfanonin sadarwa, amma mafi yawansu sun zaɓi shiru, ko kuma gardamar da ba ta taɓa kowa. Wanda ke fatan kwangila ba ya son a san shi da tambaya. Wanda ya karɓi takardar shaidar ƙwarewa daga wani kamfani yakan zama mai wa'azin kayan kamfanin. 'Yan jarida su ma suna ɗaukar sanarwa su fassara, kalmar da ba su gane ba su bar ta da Turanci, mai sauraro ya ɗauka abin ya fi ƙarfinsa. Bai kuwa fi ba. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin adashe ya san bambancin wanda aka manta ba a rubuta ba da wanda aka rubuta sau biyu.

A Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni ke zama, ta ce rajistar talakawa da aka yi shekaru ana tarawa ba abin dogaro ba ce. Ba a ga samfurin ƙauyukan da aka bi gida-gida aka gwada ba, daga masu sukar ko daga masu karewar. Maganin da aka kawo shi ne a tantance masu karɓar tallafin naira 25,000 da NIN ko BVN, wato a auna rumbun da ake shakka da wani rumbun da ba a auna ba, a ƙasar da rabonta da ƙidaya tun 2006. A ƙarshen 2024 gwamna Uba Sani ya sanar da sulhu da 'yan bindigar yankin, aka sake buɗe karar Birnin Gwari, mutanen da suka yi gudun hijira suka soma komawa gonakinsu. Cikinsu akwai waɗanda takardunsu suka ƙone da gidajensu, da waɗanda aka toshe layinsu suna daji, da yaran da aka haifa a gidan aro a Zariya ko Funtuwa ba wanda ya rubuta su. Birnin Gwari tana da mazaɓu 11. NIMC na iya wallafa yawan masu NIN a kowacce, maza da mata, da yawan waɗanda suka zo aka kasa ɗaukar yatsunsu, da yawan waɗanda banki ya mayar saboda saɓanin suna. Bayanan suna cikin rumbun, kuma fito da su tambaya ce ta layi biyar a harshen da aka gina kan tsarin Codd.